Na Zagaye Mubi Ban Samu Littafin Koya wa 'Ya'yana Rubutu Ba

Assalamu alaikum Anti Asta,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, na rasa wanda zan faɗa wa ya fahimce ni. Duk wanda na fara wa zancen sai ya yi dariya, wai mutane na fama da manyan matsaloli ni ina kuka a kan littafin koyon rubutu. To ni dai abin ya hana ni sakat, har ya kai ni ga aikata abin da nake jin kunyar faɗa.

Ni matar aure ce a Nassarawo, nan Mubi. Iyayenmu daga Katsina suka zo tun ba a haife ni ba. Maigidana kafinta ne, zan kira shi Kabiru, 'ya'yanmu biyu, zan kira su Zulaiha mai shekara takwas da Mubashshir mai shida. Zulaiha sikila ce. Daminar bara sau uku muna kwanciya asibiti. Biyu daga ciki ruwa ne ya dake ta a hanyar dawowa daga makaranta. Na ukun kuwa a aji ciwon ya taso mata, ta ce wa malaminsu hannunta ba ya iya riƙe fensir, shi kuma ya ɗauka ƙiwa ce, ya sa rula ya daki yatsunta. Ranar da na ga hannun nan a kumbure na ce ta bar makarantar ke nan. Na yi shekara ɗaya a kwalejin ilimi kafin aure, don haka na ce ni zan koyar da ita a gida. Ƙanenta ma na cire shi, don makaranta ɗaya suke, kuma kullum da kuka yake tafiya tunda aka bar yayarsa a gida. Kabiru bai so ba, amma ya ce to mu gwada shekara guda mu gani.

Yanzu wata goma ke nan. Wallahi Anti ba yabon kai ba, an samu ci gaba. Zulaiha tana karanta Hausa tar, Turanci ma tana kamawa, lissafi kuwa har ni take gyara wa. Sau ɗaya kacal muka kwanta asibiti a duk tsawon lokacin nan. Amma rubutu ya gagare mu. In ta fara layi daga nan, kafin ta kai ƙarshe ya hau sama kamar mai hawan dutse. Wani harafin ƙato, wani kamar ƙwayar gero, b da d kuwa duk wanda ya zo hannunta shi take sawa. Shi Mubashshir bahago ne, kuma da yake suna zuwa Islamiyya da yamma a bayan gidanmu, sai ya ɗauko boko ma daga dama. Sunansa in ya rubuta sai an kara a madubi ake iya karantawa. Ni kuma da zan nuna musu, nawa rubutun tun ina 'yar makaranta ake yi mini faɗa a kansa. Shi ya sa na ce bari in nemo littafin nan mai ɗigo-ɗigo da yara ke bi da fensir, wanda muka yi amfani da shi muna firamare.

Anti, ban taɓa zaton abu ne mai wuya ba. Babu shagon littattafan da ban shiga ba a kasuwar Mubi da bakin titi. Wani ya ce ya ƙare sai an buɗe makarantu. Wani yana da shi amma a ƙulle cikin ƙunshin littattafan wata makarantar kuɗi, ba ya rabawa, sai in ɗauki ƙunshin gaba ɗaya har da na Faransanci. Na samu wani na kawo gida da murna, ashe takardarsa kamar ganyen albasa, fensir na taɓawa sai ta huje. Wani kuma harafi ɗaya layi biyu kacal, cikin kwana huɗu suka cinye shi ba su koyi komai ba. Akwai wanda tun shafin farko da rubutun haɗe ya fara, yaran da ba su gama tsayar da harafi ɗaya ba. Kuma duk cikinsu babu mai ƙ da ɗ da ɓ. Da na tambayi wani mai shago, dattijo ne ma, dariya ya yi ya ce, "Hajiya, wannan harafi mai ƙugiya ba shi a kasuwa. Ki sa k kawai, kowa zai gane." Na ce masa ni ba na son 'yata ta tashi ba ta san bambancin ƙura da kura ba. Ya ce to in je Yola.

Na aika wa ƙanwar maigidana Ummusalma da ke Yola, na yi mata bayani dalla-dalla a waya. Bayan sati biyu direba ya kawo saƙo, na buɗe, littafin shafa kala ne mai hoton motoci.

Matan da muke zauren WhatsApp ɗaya suka ce ai komai yana intanet kyauta, suka yi ta turo mini adireshi. Na ƙone data iya ƙonawa. Ka danna nan ya kai ka can, can ɗin ya ce ka yi rajista, ka yi rajistar ya ce kawo lambar kati. Waɗanda suka sauko kyautar kuma hotunansu ba na duniyarmu ba ne. Akwai wani ɗakin ƙanƙara da suka sa wa harafin i, Mubashshir ya tsaya kai da fata wai tukubar mai tsire ce aka kifa, muka ɓata rabin awa a kan wannan. Na kai shagon kwamfuta a buga mini, ranar farko babu wuta, rana ta biyu injin ya lalace, rana ta uku aka buga, tawada ta yi ƙasa, ɗigon da za a bi ɗin bai fito ba sam, kuma gefen shafin a yanke. Na dawo a Keke ina riƙe da fararen takardu, hawaye na zuba, mutane na kallona.

Daga nan na ce bari in yi da kaina. Na zauna da rula da biro ina ja layi ina ɗiga haruffa. Shafi ɗaya ya cinye mini hantsi guda, ga girki ga wanki. Da suka bi ɗigon sai ga nawa karkataccen rubutun ya fito sak a hannunsu, har da yadda nake karya wuyan g.

Abin da ya sa na rubuto miki shi ne abin da ya faru makon jiya. Surukata ta zo wuni. Ita ba ta yi boko ba, amma ta ɗauki littafin Zulaiha ta juya shi sama ta juya ƙasa, ta ce ta wane gefen ake karanta wannan. Ta ce jikarta ta gidan Yaya Sulaiman, wan maigidana, sa'ar Zulaiha ce, rubutunta kamar na inji. Ta ƙara da cewa a ɗaure hannun hagun Mubashshir tun bai girma da shi ba. Duk a gaban yaran. Sai da ta tafi sannan Kabiru ya ce mini shekarar da muka yi alkawari ta kusa cika, in an koma makaranta a watan Satumba zai mayar da su. In kuma tsoron hanya nake yi, to Zulaiha ta koma Yola wurin Ummusalma, tunda makaranta na jikin gidansu. Yarinyar da in ciwo ya taso ni kaɗai ke gane shi tun daga yanayin idonta, ita za a kai wani gari.

Washegari tun da safe na zaunar da ita na ce yau sai rubutun nan ya miƙe. Shafi ɗaya, biyu, uku, ina gogewa tana sakewa. A na huɗu ta ce, "Umma, hannuna." Na ce ƙarya take. Ta sake faɗa. Anti, rular da nake ja layi da ita tana hannuna, ban san lokacin da na sauke mata ita a bayan hannu ba. Ba ta yi kuka ba. Kallona kawai ta yi, ta ja hannun ta cusa cikin hijabinta. Ni da na cire ta daga makaranta saboda wannan. Alhamdu lillahi ciwon bai tashi ba, amma tun daga ranar, da zarar ta ga na ɗauko fensir sai ta ce cikinta na ciwo, kuma na kasa gane na gaske ne ko na tsoro. Ban faɗa wa Kabiru ba. Ita ma na san ba ta faɗa ba.

Akwai maƙwabciyata, katanga ɗaya muke, Malama Dorathy. 'Yar asalin nan ce, ta yi shekara talatin da biyar tana koyar da 'yan aji ɗaya kafin ta yi ritaya. Lokacin da zan cire yaran ta leƙo ta ce mini koyar da ɗan da ka haifa ya fi koyar da yara hamsin wuya, in yi tunani, ko in bar namijin a makaranta. Raina a ɓace yake lokacin, na ce mata ai irinsu ne suka kumbura wa 'yata hannu. Tun daga nan sai gaisuwa ta saman katanga. Na san ta san abin nan ciki da waje, amma da wace fuska zan shiga gidanta?

Don Allah Anti ina ake samun littafin nan na kirki, mai haruffanmu? Da wanne ake farawa? In sauya wa yaron hannu kamar yadda kakarsa ta ce? Ko dai in haƙura in yarda na gaza? Na gaji, kuma watan Satumba sai matsowa yake.

Taki,
Uwar Biyu, Nassarawo, Mubi

*

Wa alaikumus salam, Uwar Biyu.

Ban yi dariya ba. Matsalarki matsala ce, kuma kin yi abin da mata da yawa ba za su iya ba da kika faɗi laifinki da bakinki. Amma zan fara da abin da kika sa a tsakiyar wasiƙa, don shi ne kan gaba, littafi ya biyo baya.

Yau ɗin nan, ki zaunar da Zulaiha, ba fensir ba takarda a kusa, ki ba ta haƙuri. Ki ce mata kin yi kuskure, kin yarda hannunta na ciwo, kuma daga yau duk lokacin da ta ce ya isa, ya isa. Kada ki haɗa da "amma ke ma". Yarinya mai sikila babban abin da ke tsare ta shi ne ta faɗi ciwo a yarda da ita da wuri. In ta koyi ɓoyewa don tsoronki, wannan ya fi mummunan rubutu haɗari nesa ba kusa ba. Sannan ki faɗa wa mahaifinta. Zai ji zafi, amma gara ya ji daga gare ki, kuma zai gane nauyin da ya sakar miki ke kaɗai wata goma. Ki ba ta hutun rubutu na sati guda. In kun je asibiti ganin likitanta, ki tambaya musamman a kan yatsunta da tsawon lokacin da ya dace ta riƙa riƙe fensir. Ni ba likita ba ce, su za su faɗa miki.

Yanzu littafi. Gaskiyar magana, mai haruffan Hausa da kike nema yana da wuyar samu, ba a Mubi kaɗai ba, kuma ba zan tura ki wani gari ki sake dawowa da fararen takardu ba. Ki daina nemansa. Abin da kike buƙata yana cikin gidanki da na maƙwabciyarki.

Mijinki kafinta ne. Ki sa ya yanko muku allo biyu masu faɗi, ya shafa baƙin fenti, ya ja layi huɗu-huɗu da farin fenti yadda ba za su goge ba. Alli ya fi fensir sauƙi a hannun da ke ciwo, kuma abin da aka goge da tsumma ba ya barin tabon da zai sa yaro jin kunya. Kafin allon ma, ki zuba yashi mai laushi a tire su riƙa zana harafi da yatsa, manya-manya. Wannan aikin zai kuma jawo Kabiru cikin karatun, ya daina zama mai jiran sakamako kawai. In an zo takarda, littafin nan na 'yan aji ɗaya mai jan layi da shuɗi ya wadatar, kuma shi kam akwai shi ko'ina. Ki naɗa wa fensirin Zulaiha ƙyalle ko roba ya yi kauri, don kada ta riƙa matse shi. Minti goma da safe, minti goma da yamma. Layi uku masu kyau sun fi shafi huɗu na kuka.

Kada ki bi a, b, c a jere. Ki tara haruffan da hannu ke yi iri ɗaya. Ki fara da masu sanda, l da i da t. Sai masu zagaye, c, o, a, d, g. Ki bar b sai bayan sati biyu ko uku da d ta zauna, rikicin zai ragu da kansa. Su ƙ da ɗ da ɓ kuwa ba sa buƙatar littafi na daban: in k da d da b sun tsaya, lanƙwasa ce kawai za a ɗora musu a ka, kwana biyu sun kama. Rubutun haɗe ki manta da shi tukuna. Kalmomin da za su kwafa kuma ki ɗauko daga gidanku: sunayensu, ƙofa, ɗaki, ɓawo, gyaɗa, da sunan gari kamar Mayo Bani. In kina son na bugawa, ki rubuta su a wayarki, a shagon kwamfuta a ƙara musu girma, ki tsaya a buga shafi ɗaya ki duba da idonki kafin a ci gaba. Kwafi ɗaya mai kyau ki adana, daga shi za ki riƙa yin fotokofi.

Hannun Mubashshir ki bar masa abinsa. Haka Allah ya halicce shi, kuma tilasta masa dama zai ƙara dagula rubutun ne ya sa ya tsani karatu. Ki karkata masa takarda kaɗan zuwa dama, ki sa masa babban ɗigo a gefen hagu na kowane layi ki ce daga nan motar boko ke tashi. Juya haruffa a shekara shida ba abin tsoro ba ne, balle ga yaron da ke koyon rubutu biyu masu fuska daban a rana ɗaya. In ya wuce shekara takwas bai daina ba, sannan a nemi masana. Kakarsa kuwa ɗanta ne zai yi mata bayani cikin ladabi, ba ke ba.

Sai dai duk wannan yana buƙatar hannu mai kyau da zai rubuta layin farko a saman kowane shafi, kuma kin faɗa da kanki naki ba zai yi ba. Hannun yana bayan katangarki. Kin yi wa Malama Dorathy rashin adalci, kin ɗora mata laifin wani, alhali gaskiya ta faɗa miki. Ki shiga gidanta da sallama ki ce Mama na yi kuskure, ki nuna mata littattafan yadda suke, kada ki zaɓo masu dama-dama. Wadda ta yi shekara talatin da biyar da 'yan aji ɗaya ta ga rubutun da ya fi wannan muni sau dubu. Ina kyautata zaton za ta karɓe ki. In ta yarda ta riƙa zama da su ko sau biyu a mako, ki kyautata mata gwargwadon hali, ke kuma ki samu ki huta. Yaro yakan jure gyaran wani fiye da na uwarsa.

Batun Satumba kuma, kada ki ɗauke shi a matsayin ranar yanke miki hukunci. Ba ki gaza ba. Yarinyar da ta kwanta asibiti sau uku a damina ɗaya ta koma sau ɗaya a wata goma, tana karatu tana lissafi, wannan aikinki ne. Amma mijinki ma yana da gaskiyarsa. Yara na buƙatar sa'o'insu, kuma wata rana za a nemi takardar shaida. Mubashshir lafiyarsa ƙalau, kuma don ya yi kuka da safe bai isa dalilin zaunar da shi a gida ba. Shawarata ki yarda ya koma makaranta, ko da wata daban. In kin saki wannan da kanki, maganarki a kan Zulaiha za ta fi nauyi. Tura ta Yola ban goyi baya ba, mai irin lalurarta kusa da uwarta ya kamata ta zauna, kuma ki faɗa wa Kabiru haka cikin natsuwa, in da hali a gaban likitanta. Ku nemi makaranta mafi kusa, ku je da takardar asibiti, ku zauna da shugabanta a yi yarjejeniya a fili: ba duka, ba fita cikin ruwa, in ta ce ciwo a kira ki. In ba a samu irin wannan ba, ta ci gaba a gida, amma ku je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ku ji yadda za ta zauna jarrabawar gama firamare in lokaci ya yi. Daga yanzu kuma ki riƙa sa kwanan wata a kowane shafi kina ajiyewa. Da shafinta na watan jiya za a auna ta, ba da na 'yar gidan baffanta ba.

Rubutu zai gyaru, ko a bana ko baɗi. Ki fara da ba 'yarki haƙuri, gobe da safe ki shiga gidan maƙwabciyarki. Allah ya ba Zulaiha lafiya mai ɗorewa, ya raya miki su duka biyun, ya sanyaya miki zuciya.

Anti Asta